Inda Sinawa Ke Rataya Madubi a Gida: Jagorar Feng Shui Daki-Daki

Satina na biyu a gidan da na kama haya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mai gidan ta zo duba famfon kicin. Tsohuwa ce, Ayi nake ce mata, wato goggo, yadda ake kiran duk macen da ta yi sa'ar mahaifiyarka a can. Tana turo ƙofa ta yi turus. Wani dogon madubi na sayo na kafa a bangon da ke kallon ƙofar shigowa, don in riƙa gyara zaman hulata kafin in fita kasuwa. Ba ta kai ga famfon ba sai da ta sa na sauke shi na mayar da shi bangon gefe. "Saurayi," in ji ta, wayarta tana fassara mana, "duk alherin da ya nufo gidan nan, tun daga bakin ƙofa kake kora shi."

Na bi maganarta don a zauna lafiya, tunda in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na riƙa tambayar dillalan gidaje da masu sayar da kayan ɗaki a kasuwar Lecong ta Foshan, na karanta abin da na samu, na gwada wasu a ɗakina.

Gara in faɗi matsayina tun yanzu. A cikin feng shui, wato tsarin shirya gida na Sinawa da Ayi take bi, akwai hikimar zaman gida, ta haske da iska da tsabta da natsuwa, akwai kuma imani da sa'a da taurari da kayan kariya. Ni Musulmi ne, ban yarda gilashi ko tagulla na kawo arziki ko hana musiba ba, kuma ba na rataya komai da wannan niyya. Zan kawo duka biyun yadda masu abin suke yi, in nuna inda na tsaya.

Feng iska ce, shui ruwa, ana furta su kamar "fang-shwe". Sunan ya samo asali daga wani tsohon rubutu kan zaɓen wurin binne mamaci, wanda ake jingina wa Guo Pu, malamin da ya rayu tsakanin 276 da 324. A cewarsa iska na watsa qi, ruwa kuma na tsare shi. Shi qi ɗin, da ake furtawa kamar "ci" namu, a wurinsu wani numfashi ne da ke kewaya cikin komai. In yana tafiya sannu a hankali yana lanƙwasa, mai rai ne. In ya miƙe sak da gudu kamar kibiya, ko ya kwanta a lungu ya ruɓe, ya zama sha qi, mai cutarwa. Duk maganin da za ka gani a ƙasa ɗayan biyu yake yi: rage wa mai gudu gudu, ko tayar da wanda ya kwanta.

Mataki na farko: zana gidan, ka san alƙiblarsa

Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki takarda da tef ɗin awo ka zana gidan kamar kana kallon sa daga sama: ƙofofi, tagogi, banɗaki, murhu, gado. Masanan Sin suna aiki da luopan, wani faffaɗan kamfas mai zobba da yawa, wanda ya raba kewaye gida 24, kowanne digiri 15. Kai kamfas ɗin wayarka, wanda kake neman alƙibla da shi, ya wadatar. Tsaya cikin gida kana fuskantar waje, ka ja baya taku biyu daga ƙofar in ta ƙarfe ce, don ƙarfe na ruɗa shi. Auna sau uku a wurare daban-daban ka ɗauki tsakatsaki. A gidan bene wasu masanan ba sa bin ƙofa, gefen da ya fi manyan tagogi ko baranda suke ɗauka a matsayin fuskar gida.

Sai ka raba zanen gida tara, uku-uku, ka rubuta jihar kowane gida. Kowace jiha da sinadarinta cikin biyar: kudu wuta, arewa ruwa, gabas da kudu maso gabas itace, yamma da arewa maso yamma ƙarfe, tsakiya da arewa maso gabas da kudu maso yamma ƙasa. Ruwa na raya itace, itace na ciyar da wuta, wuta na barin toka ta zama ƙasa, ƙasa na haifar da ƙarfe, ƙarfe na tara ruwa. A gefen gaba kuma ruwa na kashe wuta, wuta na narka ƙarfe, ƙarfe na sare itace, itace na tsaga ƙasa, ƙasa na datse ruwa. Yawancinsu a ruwa suke lissafa madubi, wasu a ƙarfe. Shi ya sa suke son sa a arewa da gabas, suke ɗari-ɗari da shi a kudu da kusa da murhu.

Akwai abin da zai ruɗa ka in kana bincike a intanet. Tsarin Sin na asali reshe biyu ne, mai duba siffar ƙasa da tsaunuka da koguna, da mai bin kamfas. Na uku sabo ne, Lin Yun ya yaɗa shi daga Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1980. Shi ba ruwansa da kamfas, daga ƙofar shiga yake ɗora taswirarsa, kuma mabiyansa ne suka mayar da madubi maganin kowace cuta har ake masa laƙabi da asfirin ɗin feng shui. Shawarwarinsu sukan ci karo da na tsoffin masanan. Zaɓi ɗaya ka bi, in ka gauraya su za ka yi ta jan gado daga bango zuwa bango.

Mataki na biyu: ƙofa, kafin a zo maganar madubi

Bakin qi suke kiran ƙofar shiga. Buɗe ta har ƙarshe. In ta tokare da kwalaye ko tarin takalma, kwashe su. In tana ƙara, zuba wa hinjinta mai. In wurin da duhu, sa ƙwan lantarki mai haske. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi masanin kirki ke fara dubawa.

Daga nan tsaya a bakin ƙofar ka miƙa ido. Idan kana hango ƙofar baya ko baranda ko babbar taga a saiti ɗaya, ka sami abin da suke kira chuan tang sha, wato abin da ya shigo yana zarcewa waje bai zauna ba. Maganinsa shinge: allon katako mai naɗewa, kantar littattafai, doguwar shuka a tukunya, ko labule. Tsoffin gidajen Beijing masu tsakar gida suna da wata guntuwar katanga daf da ƙofa, yingbi, wadda dole ka kewaya ta kafin ka shiga. Ranar da na fara ganin ta, zauren gidan kakana ne ya faɗo mini. Maginanmu ma ba sa saita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada na titi ya hango matan gida. Dalilan da ake bayarwa sun bambanta, ginin iri ɗaya ne.

Mataki na uku: gwajin madubi

Nan ne zan daɗe, don shi ne ginshiƙin sauran. Madubi ba ya ƙago komai. Abin da ke gabansa yake maimaitawa, mai kyau ko maras kyau. Saboda haka kafin ka tambayi a wane bango zai yi kyau, tambayi me zai kalla.

Jingina bayanka da bangon da kake son rataya shi, ka ɗauki hoton abin da ke gabanka da waya. Dubi hoton da idon baƙo. Taga ce da bishiya, ko kwandon shara da igiyar shanya? Sannan ka sa wani ya riƙe madubin a wurin, kai kuma ka zaga: daga bakin ƙofa, daga kujerar da ka saba zama, daga kan gado. Haske na barin madubi da irin karkatar da ya faɗo masa, don haka abin da mai tsaye a dama ke gani daban yake da na mai zaune a hagu. Ni da na yi wannan gwaji na gano cewa daga kujerar baƙi, madubin falona cikin banɗaki yake nunawa duk lokacin da aka bar ƙofa a buɗe. Wata uku abokan kasuwanci suna zuwa shan shayi, babu wanda ya gaya mini.

In da hali jingina shi a kan tebur a wurin har kwana uku kafin ka huda bango. Duba shi da hantsi, da la'asar, da dare bayan an kunna fitilu. Madubin da ke kallon yamma yakan watso ranar la'asar cikin idon mutane ya ƙara wa ɗaki zafi. Wanda ke daura da taga, a bangon gefe, shi ke jawo haske zuwa ƙuryar ɗaki ba tare da kashe ido ba.

Game da girma, masanan sun dage kada madubi ya yanke kan wanda ya fi kowa tsawo a gidan. Lissafin mai sauƙi ne. Madubin da ya kai rabin tsawonka ya isa ya nuna ka daga kai har ƙafa, kome nisanka da shi. Mai tsawon santimita 180 na buƙatar na santimita 90 aƙalla, in kuma za a ɗaga gefensa na sama ya wuce saitin kai da kamar tafin hannu, don a bar wa hula ko ɗaurin ɗankwali wuri, sai a ƙara masa tsawo, in ba haka ba ƙafafu ba za su fito ba. Suna ƙin ƙananan madubai da ake jerawa kamar tayil, don suna yanyanka fuska, suna ƙin mai tsaga da wanda ya dushe. Haka madubi biyu masu kallon juna, su ce qi na kai-komo a tsakani ya rasa wurin zama. Ko ba ka yarda da qi ba, tsaya tsakanin irin waɗannan minti biyu ka ji yadda kanka zai yi.

Mataki na huɗu: bi ɗaki-ɗaki

A mashiga, bangon gefe, yadda Ayi ta sa na yi. Kana iya duba kanka kafin ka fita, wanda ya shigo da dare kuma ba zai yi karo da siffar mutum a duhu ya firgita ba.

Wurin cin abinci shi ne inda duk rassan suka yarda da babban madubi. Su ce yana ninka abinci da masu ci, alamar yalwa ke nan. In a ƙasa kuke cin abinci kan kafet, madubin da ke sama silin kawai zai nuna muku, sai dai a bar shi don haske. Wani abu da ba za ka ji daga bakin Basine ba: kada ka sa shi a bangon alƙibla na inda kake salla, motsinka zai riƙa ɗauke maka hankali.

Ɗakin kwana ya fi ko'ina dokoki. Fara da gadon. Kansa ya jingina da cikakken bango, ba ƙarƙashin taga ba, kuma daga kwance ka iya ganin ƙofa ba tare da ƙafafunka sun miƙe saitinta ba. Wannan kwanciyar suna kiran ta ta gawa, don da ƙafa ake fara fitar da mamaci. Tsarin zaman daga siffar ƙasa aka aro shi: kunkuru a baya, wato tudu mai kariya, fili a gaba, abin dogaro a dama da hagu. Haka aka gina fadar sarakunan Beijing tsakanin 1406 da 1420, tana kallon kudu, da tudun Jingshan da aka tara da hannu a bayanta, da ruwa a gabanta. Kallon kudun ma yana da dalilinsa na fili, don a arewacin Sin iskar sanyi daga arewa take zuwa, ranar hunturu kuma ta kudu take shigowa. Mai gini a Kano ko Damagaram lissafinsa daban, tunda ruwan damina ta gabas yake dukan bango.

In akwai bim ɗin siminti da ya ratsa saman gado, matsar da gadon. In babu wuri, a rufe bim ɗin da silin. Wasu sukan rataya sarewar gora biyu a jikinsa, amma matsar da gadon ya fi sauƙi.

Sai madubin. Ƙa'idar ɗaya ce, kada mai barci ya bayyana a cikinsa. Tsoffi su ce ruhi na yawo da dare, in ya ga kansa sai ya razana, wasu su ce madubin na gayyato na uku cikin aure. Abin da na tabbatar da kaina shi ne, in ka farka tsakar dare ka ga abu ya motsa a gefe, barcin ya tafi ke nan. Matsalar ita ce saitin kayan ɗaki, irin wanda ake yi wa amare, yakan zo da madubin kwalliya da wadirob mai gilashi a ƙofa, ɗakin kuma ƙarami. Hau gadon ka kwanta yadda ka saba, ka ɗaga kai. In ka ga kanka, mayar da madubin kwalliyar bangon da kan gado yake, a gefe. In ba zai matsu ba, yafa masa mayafi da dare. Na wadirob kafinta zai iya kwance shi ya mayar cikin ƙofar. Talabijin da aka kashe ma suna lissafa ta a madubi.

Akwai togiya ɗaya. Idan tilas ta sa gado ko teburin aiki ya ba ƙofa baya, ana sa ƙaramin madubi a karkace yadda zai nuna maka ƙofar, ba fuskarka ba. A teburin aiki na gwada, kuma na daina waiwaye duk lokacin da na ji motsi.

A kicin damuwarsu wuta da ruwa. Murhu da wurin wanke-wanke kada su kalli juna ko su manne, in sun manne a raba su da itace, ko da katakon yanka albasa ne ko ƙaramar shuka. Kan madubi an rabu: mabiya Lin Yun suna sa shi bayan murhu don ya ninka bakunan wuta ya kuma nuna wa mai girki ƙofa, tsoffin masana suna hanawa. Ina tare da tsoffin. Zafi na tsaga gilashi, kuma bayan suya biyu uwargida ce za ta yi ta fama da kankare mai.

Banɗaki ba shi da tsawon zance. Rufe ƙofa, rufe murfin masai, gyara famfon da ke ɗiga, kada madubi ya kalli masai. Su ce ruwan da ke zurarewa kuɗi ne ke zurarewa, kuma mai biyan kuɗin ruwa ba zai musa ba.

Dogon korido mai duhu ana sa masa madubi a gefe, ba a ƙarshe ba. In biyu ne a saɓa su, ɗaya nan ɗaya can gaba. Gidan da zanensa ya fito da gibi a wata kusurwa kuma, ana manna babban madubi a bangon da ke iyaka da gibin, ido ya ga kamar ɗakin ya ci gaba.

Mataki na biyar: madubin bagua, da dalilin yin hattara da shi

Wanda ya zaga tsoffin unguwannin Guangzhou ko Hong Kong ya gan shi a saman ƙofofi da tagogi: katako mai kusurwa takwas, yawanci ja da rawaya ko kore, da ƙaramin madubi a tsakiya, kewaye da alamomi takwas na layuka uku-uku, wasu a haɗe wasu a tsinke. Iri uku ne. Akwai shimfiɗaɗɗe. Akwai mai tudu kamar bayan cokali, wanda suka ce yana tarwatsa abin da ya nufo gida. Akwai mai rami kamar cikin cokali, wanda ke juya siffa kai ƙasa, su ce yana haɗiye ta.

Ana rataya shi ne saboda kibiyar da ke waje: titin da ya miƙo sak ya ƙare a ƙofarka, kaifin kusurwar wani gini, turken lantarki a saitin ƙofa, ko siririn rata tsakanin dogayen benaye biyu. Dokokinsa biyu, kuma masanan ba sa wasa da su. Ba a sa shi cikin gida. Ba a kuma saita shi da ƙofar maƙwabci ko tagarsa, don a can wannan zagi ne, kamar ka ce masa ga sharrinka nan na mayar maka. Shi ma sai ya rataya nasa, babba, gaba ta ƙullu.

Manyan gine-gine ma sun yi irin wannan. Da aka buɗe hasumiyar Bankin Sin a Hong Kong a 1990, wadda I. M. Pei ya zana, mutanen gari suka ce kusurwoyinta wuƙaƙe ne da ke saran maƙwabta. A saman ginin bankin HSBC da ke kusa, wanda Norman Foster ya zana aka gama a 1985, akwai wasu na'urorin ɗaga masu wanke gilashi guda biyu masu kama da igwa, suna kallon hasumiyar, kuma har yau ana nuna wa baƙi su a matsayin ramuwa.

Ni ban rataya bagua ba kuma ba zan ba da shawararsa ba. Laya ce, da niyyar kariya ake sa ta. Ga kuma haɗari na zahiri: madubi mai rami yana tara hasken rana wuri guda har ya ƙona abu. A 2013 wani bene mai lanƙwasasshen gilashi a Landan ya narkar da sassan motar da aka ajiye a titi. Ƙwallon gilashin da ake ajiyewa a taga don ado ma yakan ƙona labule. In titi ne ya tokari ƙofarka, abin da ke damun ka fitilun motoci ne da ƙura da direban da birki ya ƙwace masa. Katanga, shingen shuke-shuke da labule mai kauri sun fi ƙaramin madubi maganin waɗannan, kuma masanan da kansu da su suke farawa.

Mataki na shida: sauran magunguna

Shuka ce na fi amincewa da ita. Suna son mai faffaɗan ganye mai laushi, a kusurwar da ta mutu ko gaban kaifin ginshiƙi, ba sa son mai ƙaya a cikin ɗaki. Busasshiya a fitar da ita ranar da ta bushe. Wadda ake sayarwa ko'ina da sunan gorar sa'a, a kwalbar ruwa da jan zare, ba gora ba ce ma. Dracaena sanderiana ce, asalinta dazukan Afirka ta tsakiya, wajen Kamaru. Na yi dariya da na gane daga maƙwabtanmu aka ɗauko ta.

Ruwa suna son sa mai motsi kuma mai tsabta, a falo, ba a ɗakin kwana ba. A tankin kifi sukan zuba tara, takwas jajaye ɗaya baƙi. Kalmar kifi, yu, sautinta ɗaya da ta rara, takwas kuma tana kama da kalmar bunƙasa, shi ya sa aka buɗe gasar Olamfik ta Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Huɗu suke gudu, don sautinta kusa yake da na mutuwa. In za ka ajiye tanki, tuna kowace lita kilo guda ce, mai lita 100 ya fi ƙarfin ƙaramin tebur. Ruwan kwalbar shuka kuma a sauya shi duk mako a wanke kwalbar, don sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Mutanen Guangzhou sun ɗanɗana wannan a 2014, lokacin da zazzaɓin dengue ya kama dubban mutane.

Kayan ƙarfe suna da alaƙa da lissafin taurari masu tashi, wanda ke raba zamani gida tara na shekara 20-20. Zango na tara ya fara a Fabrairun 2024, zai kai 2043. Kowace shekara, wajen 4 ga Fabrairu, taurarin, wato lambobi tara, suna sauya gida a taswirar nan ta uku-uku. Lamba 5 suka fi tsoro: tana yamma a 2024, arewa maso gabas a 2025, kudu a 2026. Tunda sinadarinta ƙasa ne, da ƙarfe ake rage mata ƙarfi, sai su rataya ƙararrawar iska mai sanda shida, su guji haƙa ko fasa bango a wannan gefen. Lamba 2, ta ciwo, ana ajiye mata hulu, wato goran ruwa mai ƙugu na tagulla. Ga kwabban sarakunan daular Qing biyar da ake ɗaurewa da jan zare, ga kwaɗo mai ƙafa uku da kwabo a baki. Kyanwar nan mai ɗaga hannu a kantuna kuwa ta Japan ce, aro aka yi. Duk wannan ɓangaren imani ne zalla, kuma a nan kasuwar take, don kowace shekara akwai sabon abin saye. Na tsallake shi.

Mataki na bakwai: saye da kafawa

A shago, ja baya taku biyar ka kalli wani miƙaƙƙen layi ta cikin madubin, kamar gefen ƙofa, kana ɗan motsa kai. In layin yana rawa, gilashin sirara ne ko ya lanƙwashe, bar shi. Na bango nemi mai kaurin milimita 4 ko 5, a goge masa baki kada ya yanki hannu. Kowane milimita na kauri kilo biyu da rabi ne a murabba'in mita, don haka mai mita ɗaya da rabi a mita ɗaya, kauri 5, ya kusa kilo 19 tun ba a sa masa firam ba. Ƙusa ɗaya ba za ta riƙe wannan ba. A bangon bulo a huda da inji, a cusa roba, a ɗaure da sukuru aƙalla biyu a sama, da abin tallafi a ƙasa. Kada ka huda a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan wayoyi suke bi. Ɗan haya ya tambayi mai gida tukuna, in ba haka ba kuɗin ajiyarsa ne zai yi kuka.

Bar ɗan rata tsakanin madubi da bango iska ta wuce. A Guangzhou akwai wasu kwanaki a ƙarshen sanyi, hui nan tian, da bango ke yin gumi har ruwa na gangarowa, kuma danshi ne ke cin bayan madubi ya bar baƙin tabo a gefuna. Don haka wajen gogewa ma a fesa ruwan a tsumma, ba a kan gilashin ba. Gidan da ke da yara, madubin da aka jingina a ƙasa a ɗaure kansa da bango, a manna masa ledar kariya a baya yadda ko ya fashe ba zai watse ba.

Wanda ya riga ya tsage kuma ba a ajiye shi bayan wadirob ana cewa wata rana. Sinawa sukan naɗe shi da jan ƙyalle ko jar takarda kafin su fitar. Ni da kwali nake naɗewa in ɗaure da salatif, in rubuta "gilashi" da manyan baƙaƙe a bayansa, saboda hannun mai kwasar shara.